Murfin Tankin Yaya Badamasi

Na sauka Kaduna da hantsi ana tsuga ruwa, ba ni da lema, ban san kowa ba, sai sunan unguwa guda a bakina: Makera. Direban da ya kwaso mu daga tasha ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, ka san inda za ka kuwa? Tsallaken kogi fa ke nan." Na ce masa yayana ya yi fiye da rabin rayuwarsa a can, ba wanda ya cinye shi. Sai da maganar ta fita na tuna cewa a can ɗin ya mutu.

Yayana Badamasi ne. Babbar mota ta buge shi yana kan babur, aka binne shi a ranar kamar yadda addini ya tanada. Mu da ke ƙauye a ƙasar Matamaye, cikin Nijar, waya kawai muka samu. Innarmu ta daɗe da makancewa, kuma duk babbar Sallah a kan wannan babur yake zuwa mata. Tun yana bakin rijiyar gari take gane ƙararsa. Idan ya tsaya sai ta fito ta bi babur ɗin da hannu, ta shafa fitila, ta shafa sirdi, ta tsaya a kan wani ɗan tanki na tagulla da ke gefe, ta riƙe murfinsa tana sa masa albarka. Bayan an share makoki ta kira ni ta ce, "Isuhu, ban taɓa gawarsa ba, ban taɓa likkafaninsa ba. Je ka kawo mini babur ɗinsa. Kada ka ɗoro shi a mota, ka hawo shi, in ji shi tun daga rijiya." Tana faɗa tana tari, don tun da labarin ya zo abinci ya daina shiga mata.

Gidan da Yaya ya zauna na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna. Ina tsaye a ƙofa jiƙe sharkaf, wata mace mai jiki ta fito daga rumfar abinci ta tsura mini ido, sai kawai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Maman Doshima ake kiranta, 'yar ƙabilar Tibi daga Binuwai, ita ke riƙe da makullin ɗakinsa.

"Kai ƙaninsa ne," ta ce da Hausarta mai karkata. "Ko ba ka faɗa ba. Goshin nan nasa ne."

Ta kawo mini sakwara da miya. Na zauna ina kallon kwanon, don a gida an cika mini kunne da abin da mutanen tsallaken kogi ke dafawa. Ta lura, ba ta kuma ji haushi ba.

"Ci abinka. Tukunyar yayanka ce, daban nake ajiye ta. Naman ma wurin mahaucin bakin masallaci nake saya."

Na ci, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Babur ɗin yana bayan gida an lulluɓe shi da tamfol. Irin tsofaffin nan ne masu hayaƙi, waɗanda fetur ke da tankinsa, baƙin mai ma ke da nasa daban. Hannu ya lanƙwashe, fitila ta fashe, amma injin bai ji ciwo ba. Tankin baƙin man kuwa ba na kamfani ba ne, ƙira ce ta hannu, tagulla zalla. Ga shi nan lafiya lau, sai dai bakinsa a buɗe, ruwan sama ya cika shi. Maman Doshima ta ce kafin jama'a su gama ɗauke Yaya daga titi, wani ya riga ya kwance murfin ya yi gaba, saboda masu sayen ƙarafa suna son tagulla. Ni mutum ne mai saurin fushi, duk ƙauyenmu an sani, amma ranar ban sami wanda zan yi wa ba. Na zauna a kan turmi ina kallon bakin tankin har aka kira la'asar.

Na ɗauka abin na kwana ɗaya ne. Wani makanike a Kakuri ya miƙe hannun, ya sa fitila, ya zubar da ruwan, ya ce murfi ai ba komai ba ne. Ya zazzage buhu guda na murafe a ƙasa, na roba da na ƙarfe, muka yi ta gwadawa har rana ta karkata. Wani ya yi girma, wani ya yi kaɗan, wanda ya zo daidai kuma sai ya ƙi kamawa, ya yi ta juyi a banza. Na ce ba damuwa, mu ma a ƙauye muna da dabara. Na sami totuwar masara na naɗe da leda na cusa, yadda muke toshe jarkar mai. Makaniken ya yi dariya har da riƙe ciki. Ban kula shi ba, na hau na tafi gwaji. Ramin farko da na faɗa totuwar ta yi tsalle ta bar ni, mai ya fallatso mini har gwiwa, taɓon titi ya shiga tankin, injin ya fara shaƙewa. Da na turo shi na dawo, makaniken ya daina dariya.

"Aboki, a damina irin wannan ko Zariya ba za ka kai ba. In yashi ya shiga injin nan ya kama, shi ke nan, sai a sayar da shi a kilo."

Daga nan na shiga yawon kasuwa. Aka ce in haye kogi, akwai inda ba abin da babu na ƙarfe. Na je. Wani mai shago, da tabon salla a goshi da carbi a wuya, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya kira ni ɗan'uwa, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya shiga ciki ya fito da wani murfi mai ƙyalli ya ce orijina ne, na irin wannan tankin ne musamman, shi kaɗai ya rage a Kaduna. Ya naɗa masa farin tef, ya sa filaya ya matse da ƙarfi. Na biya abin da ya faɗa ban nemi ragi ba, har ina masa godiya. A kan gada, ina dawowa, na ji wani abu ya yi ƙara a kwalta. Kafin in waiga ya gangara cikin kogi.

Washegari na koma. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba. Na cire hula na ajiye, don na yi niyyar a yi ta ta ƙare. Maƙwabtansa suka taru, wani ya kwaikwayi yadda nake magana, suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Ɗan Nijar ne, ku bar shi, ko takardun zama ba shi da su." Wannan kalma ta kashe mini jiki. Na ɗauki hulata na fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wannan gefen kogin ne na saki jiki, ina ganin na zo cikin nawa.

Guzuri ya ƙare, na koma dako a kasuwar Kakuri, ina sauke buhunan doya da safe, da yamma in ci gaba da neman murfi. A ɗakin Yaya nake kwana, a kan tabarmarsa, rigunansa na rataye a ƙusa da ƙanshin sabulunsa. Sai a lokacin na gane ban san shi ba. Na san Badamasin Sallah, mai kawo atamfa da alewa. Wanda ya yi aiki a masaƙa har ta rufe, ya koma yawo unguwa-unguwa yana gyaran keken ɗinki da injin markaɗe, yana cin abinci shi kaɗai a wannan ɗaki, ban taɓa tambayarsa ya yake ba. Na yi kewar gida ƙwarai. Na yi kewar fura mai tsami, da ƙanshin ƙasarmu idan ruwa ya sauka a kan yashi, don ruwan Kaduna taɓo kawai yake kawowa. Duk sanda na kira matata sai ta ce ciyawa ta rufe gero, Inna kuma kullum bayan azahar sai ta sa a kai ta ƙofar gida ta zauna ta juya kunne wajen rijiya.

"Jikin fa?" in tambaya.

"To, da sauƙi," in ji ta. Na san irin wannan sauƙin.

Wani ɗan dako ya kwatanta mini Malam Tanimu a Unguwar Mu'azu, mai injin da ke sassaƙa ƙarfe. Na tura babur ɗin har can. Dattijo ne marar yawan magana. Ya sa ɗan yatsa cikin bakin tankin ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ce in matso.

"Ka ga haƙoran nan da murfi ke bi ya ɗaure? Na duniya duk dama suke tafiya. Waɗannan hagu suka yi. Awonsu kuma na tsofaffin injinan masaƙa ne, injina bai san shi ba. Ko shekara za ka yi a kasuwa ba za ka samu ba."

"To yaya za a yi, Malam?"

"In yanke bakin gaba ɗaya, in yi maka walda da wani, mu sa murfin roba. Gobe ka kama hanya."

Har na ce to. Ya ɗauko zarto, ya ɗora a wuyan tankin. Sai na ga yatsun Inna suna lalube suna sauka a kan roba da tabon walda. Na riƙe masa hannu na ce ya dakata. Na gaya masa dalili. Ya ajiye zarton bai ce ina ɓata masa lokaci ba, ya ce in nemi wanda ya yi aikin, in yana raye, tsohon ma'aikacin masaƙa ne ba shakka. Ya ƙi karɓar komai, ya kuma naɗe mini bakin tankin da roba mai kauri don kada ruwa ya shiga a hanya.

Da na ba Maman Doshima labari sai ta tafa hannu. Ta ce ranar jana'iza wani tsoho ya zo da sanda, bai shiga maƙabarta ba, ya tsaya a bakin katanga da hularsa a hannu har aka gama. Kuma Yaya yakan tafi Unguwar Boro ranar Lahadi da yamma, ya ce za shi gaida Baba Istifanus. Ta ce in je, in kuma wani ya tare ni in ce ita ta aiko ni.

Ba zan ɓoye ba, da tsoro na shiga Unguwar Boro. Ni kaɗai ne mai doguwar riga da hula a kan titin, ina tura babur, ana leƙo ni ta taga. Wasu samari a bakin wani shago suka ce, "Aboki, wa kake nema?" Ban kai ga amsawa ba wata mata mai tallar gyaɗa ta nuna babur ɗin ta ce, "Ai na Malam Bada ne, mai gyaran keke." Nan take fuskoki suka sauya. Aka yi mini ta'aziyya, wani ya karɓi babur ɗin ya tura mini har ƙofar gidan.

Baba Istifanus mutumin Filato ne, dogo, ya ranƙwafa, hannuwansa na rawa ba tsayawa. Yana zaune ƙarƙashin mangwaro, matarsa Mama Saratu na tsince wake a gefe. Bai dube ni ba tukuna, babur ɗin ya duba. Ya miƙe da ƙyar ya zo ya ɗora tafinsa a kan tankin, ya daɗe a haka.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ni na yi shi."

Ya ce shi ne babban mai gyaran inji a masaƙar da Yaya ya yi aiki. Ɗansa Yohanna da Yaya a layi ɗaya suke, tare suke shiga tare suke fita, tare suka sayi babura iri ɗaya, tankunan man kuma na roba ne, duk suka tsage. Sai ya samo wani bututun tagulla daga mataccen inji ya raba biyu, ya yi musu tanki ɗaya-ɗaya. Ya yanka haƙoran ta hagu saboda haka suke yi a masaƙa a wurin da girgiza ke kwance abu.

Na ce, "Baba, ko za ka taimaka ka yi mini wani murfin? Ko nawa ne lokacin zan jira."

Ya ɗaga hannuwansa ya nuna mini yadda suke kaɗawa.

"Da wanne? Cokali ma Saratu ke riƙe mini. Injin da na yi aikin da shi kuwa, tun da aka rufe masaƙa aka yanka shi aka sayar."

Ban san sanda na fara ba shi labarin Inna ba, da rijiya, da yadda take riƙe murfin. Ban yi don in roƙi komai ba, abin ne ya cika mini ciki. Da na gama ya juya wajen matarsa ya ce, "Saratu, ɗauko mini."

Ba ta motsa ba. Ta ci gaba da tsince wakenta.

"Saratu."

"Istifanus, shi kaɗai ya rage mana fa."

"Na sani."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle ta ajiye masa a cinya, ta koma ta juya mana baya. Murfin tagulla ne, irin na Yaya sak, sai dai ya yi baƙi, gefe ɗaya kuma ya ɗan narke ya lotsa.

Baba ya ce a wani rikicin da aka yi a garin, Yohanna ya fita da safe a kan babur bai dawo ba. Ba su sami gawarsa ba. Da ƙura ta lafa, Yaya Badamasi ne ya shiga unguwannin da su ba su isa su shiga ba, yana tambaya, har ya tarar da ƙonannen babur a bakin kwata. Ya tona tokar da hannunsa ya sami murfin, ya kawo musu. Tun daga ranar bai fasa zuwa gaishe su ba.

Na ce ba zan iya karɓa ba. Na faɗa da gaske, ko da yake idona na kan murfin.

"Saurara," in ji Baba. "Kowace shekara Yohanna sai ya ce zai bi Badamasi garinku, ya ci naman Sallah, ya hau raƙumi. Kowace shekara wani abu ya hana. Bari ya je."

Ya ba ni ya ce in ɗaura, ta hagu. Na juya, ya bi haƙoran sumul ya zauna daram, kamar jiya aka cire shi. Mama Saratu ba ta waigo ba har na fita, amma a bakin ƙofa na ji muryarta tana cewa, "Ka yi tuƙi a hankali."

Hanyar gida ba ni da abin faɗa a kanta sai ruwa da shingayen jami'ai da ciwon baya. Na bi ta daji na tsallaka iyaka yadda Yaya ke yi. Da na hango rijiyar garinmu bayan azahar, na rage gudu na bar injin ya yi ƙararsa sosai. Tun daga nesa na ga Inna a ƙofar gida, ta miƙe tsaye ba mai riƙe da ita.

"Badamasi," ta ce.

Na kashe babur ɗin. Na ce, "Na'am, Inna."

Ta yi ɗan murmushi. "Na san kai ne, Isuhu. Bakina ne ya riga ni."

Ta rame ƙwarai. Ta matso ta shafa fitila ta ce sabuwa ce. Ta shafa sirdi. Ta gangara kan tankin ta kama murfin, yatsunta suka zagaya suka tsaya a wurin da ya lotsa.

"Wannan ba nasa ba ne. Wannan ya sha wuta."

Na yi niyyar in ce hatsarin ne, amma ban taɓa iya yi mata ƙarya ba. Na zaunar da ita na gaya mata komai, tun daga tukunyar Maman Doshima har zuwa farin ƙyallen. Tana ji, hannunta na kan murfin.

"Uwar yaron tana raye?"

"Tana raye."

"Ita ma ba ta taɓa gawarsa ba?"

"Ba ta taɓa ba, Inna."

Hawaye suka bi kumatunta. Can ta ce in sake tayar da injin. Na tayar, ta saurara har ta ƙoshi, ta ce in kashe.

"Ni na san inda nawa yake kwance, an yi masa salla. Na ji ƙararsa, na taɓa abinsa. Ka kwance wannan ka mayar wa baiwar Allah. Da ka cire amfanin gona ka tafi."

Ba ta ga kaka ba. Gero na fitar da kai ta rasu, da murfin a ƙarƙashin matashinta, don ta ce ta riƙe wa mai shi kada ya ɓata. Babur ɗin yana zaurenmu har yau, da totuwar masara a bakin tankinsa, ba mai hawa.

Da muka gama girbi na shiga mota na koma Kaduna, da murfin a aljihu da ɗan buhun gero da Inna ta ce a kai. Na tarar da su a ƙarƙashin mangwaron. Na durƙusa gaban Mama Saratu na ba ta a hannu, na faɗa mata saƙon Inna, na kuma faɗa mata Inna ta rasu. Ta riƙe shi da hannu biyu. Tafiya da taɓawar Inna sun goge baƙin, tagullar ta fito, yashin garinmu ya maƙale a cikin haƙoran. Ta kai gefen zanenta za ta share, sai ta fasa.

Baba Istifanus ya miƙo hannunsa mai rawa ya taɓa yashin da ɗan yatsa.

"Ya ga raƙumin?" ya tambaye ni.

Na ce ya gani, Baba. A bakin rijiya muka wuce su suna shan ruwa.